Firijin Da Kaka Ta Ƙi Shan Ruwansa

Da muka koma Wad Madani, a ƙasar Sudan, bayan sojoji sun sake karɓe garin a watan Janairun 2025, gidan kawuna muka sauka, don namu ko ƙyaure ba a bar masa ba. Ɗan kawun nawa bai taɓa fita ba. Duk watanni 13 da garin ya yi a hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati, waɗanda muke kira Da'ama, yana nan yana gadin gida. A ƙarƙashin rumfar tsakar gida na tarar da wani firiji mai ƙofa biyu, tallaja kamar yadda muke cewa a nan, an jona shi da sola yana ta gurnani. Na san gidan nan tun ina rarrafe, ban san shi da wannan firiji ba. A jikin ƙofarsa akwai tabon gam guda huɗu, alamar an taɓa manna wata takarda an ɓalle.

Kakarmu, wadda muka dawo da ita daga Gadarif, tambaya ɗaya ta yi masa: nawa ya saya. Da ya faɗi kuɗin, wanda bai kai rubu'in farashinsa ba, sai ta ja bakinta ta yi shiru. Washegari ta sa yara suka wanke tsohuwar randa suka cika.

"Kaka, ga ruwan sanyi, kin tsaya kina fama da randa?" in ji shi.

Ita da kullum take kiransa maigidanta tana tsokanarsa da kuɗin cefane, ran nan babu wasa. Ta ce, "Ɗan nan, kai ka sha. Ni maƙogwarona ba ya wuce alhakin mutane."

Nan fa magana ta tashi. Ya ce da guminsa ya saya, bai haura katangar kowa ba. Gari babu ɗan sanda, babu alƙali, duk wanda ya rage a Madani a wannan kasuwar yake sayayya, in bai saya ba wani zai saya. Kuma mu ɗin ma ai an kwashe namu, wa ya san gidan da injin wankinmu yake aiki yau? Ƙanwarsa, wadda yaƙi ya katse wa karatu a Jami'ar Jazira, ta taya shi faɗa ta wata hanyar. Ta ce, "Kaka, abin da yake laifi a wurinki ba lallai ya zama laifi a wurin wani ba. Kowa da yadda yake kallon abu. Bai kamata mu zauna muna yanke wa mutane hukunci ba."

Ina bayan Kaka, in faɗa tun yanzu. Amma yaran nan ba 'yan iska ba ne. Shi wannan da ya sayi firijin, shi ya riƙa ɗauko wa tsofaffin unguwa ruwa a lokacin da fita ƙofar gida kan iya zama ajalin mutum. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a zama ɗaya, a gida ɗaya na Musulmi masu salla, an kawo ma'auni har uku na gane laifi: abin da hukuma ke kamawa, abin da kowa ke yi, da abin da mutum ke ji a ransa. Tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ta ƙi dukansu, ta kuma kasa bayyana dalilinta fiye da kalmar alhaki. Dalilin nata yana da suna a wurin masana, yana da tarihin da ya haura shekara 2,000, kuma a Turai ana kiransa dokar halitta.

Sunan yana ruɗarwa. Wasu na jin an ce dokar halitta sai su ɗauka dokar daji ake nufi, mai ƙarfi ya cinye mara ƙarfi. Akasin haka ne. Abin da ake nufi shi ne, ɗan Adam yana da wani irin gini, akwai abubuwan da ke gyara wannan gini da waɗanda ke rusa shi, kuma hankali zai iya gano manyansu ko ba a rubuta masa a kundi ba. Aristotal, malamin Girka, ya raba adalci gida biyu: wanda mutane suka shirya a tsakaninsu, mai sauyawa daga gari zuwa gari kamar mudu da awo, da wanda yake na asali, wanda ya kwatanta da wuta, mai ƙuna a Girka mai ƙuna a Farisa. Toma Akwinas, malamin Kirista da ya rasu a 1274, wanda ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd sosai, shi ya tsara maganar ta zauna. Ya ce tushen farko da kowane hankali ke kamawa shi ne a aikata alheri a guji sharri, sauran kuwa daga buƙatun da aka halicci mutum da su suke fitowa: kare rai, haihuwa da tarbiyyar 'ya'ya, neman gaskiya, zama da jama'a. Wanda zai zauna da jama'a dole abin da ya bari a ɗakinsa ya dawo ya tarar. Daga nan haramcin sata ya fito, tun kafin a naɗa alƙalin farko.

Mu Hausawa ba sai mun je Girka ba, harshenmu ya riga ya ɗauko maganar. Dubi kalmar mutunci, daga mutum aka ciro ta. In Bahaushe ya ce wane mutum ne, yabo ya yi, ba ƙidayar ƙafafu ba. In ya ce wane ba mutum ba ne, kowa ya gane nufinsa, alhali wanen yana tsaye da kai da hannu. Ashe mun yarda, ko ba mu taɓa zama mun tattauna ba, cewa zama mutum mizani ne da ake iya cikawa ake iya gazawa. Haka kalmar amana. Gwada ka bayyana wa yaro mene ne amana ba tare da ka ce a mayar wa mai ita ba, ka ga ko za ka iya. David Hume, wani masanin Sikotlan na ƙarni na 18, ya yi suna da cewa ba a iya ciro "ya kamata" daga "haka yake", wato bayanin yadda duniya take ba ya haifar da wajibi. Maganar tana da kaifi, ta kuma girgiza Turai, har a ƙarni na 20 wasu suka kai ga cewa faɗin "sata laifi ce" daidai yake da yin tsaki, furta ƙyama ne kawai babu gaskiya ko ƙarya a ciki. Abin da ƙanwarmu ta faɗa wa Kaka jikan wannan ra'ayi ne, ya iso mata ta TikTok da finafinai, ba ta san kakansa ba. Sai dai in ka ce "wannan ajiyar wane ce", ka faɗi yadda abu yake, kuma a numfashi ɗaya ka faɗi abin da ya kamata. Bashi, ajiya, maƙwabci, uwa, baƙo, duk haka suke, wajibin yana cikin sunan.

Tambayar da ta fi wuya ita ce: in kowa ya sani, me ya sa kasuwar ta cika? Tun daga 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da RSF, sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, gidajen kuwa aka bi su ɗaya bayan ɗaya, har wayar wuta ta cikin bango aka zare don tagullarta. Kasuwannin da ake zube kayan jama'a suka laƙaba musu suna Suk Dagalo, wato Kasuwar Dagalo, da sunan shugaban RSF. Ɓarawo ba ya cin firiji, sai ya samu mai saye, masu sayen kuwa mutane ne irinmu.

Akwinas ya taɓo wannan da misalin da ya ba ni mamaki ranar da na fara cin karo da shi. Ya kawo labarin Juliyas Kaisar cewa tsofaffin ƙabilun Jamus ba su ɗauki fashi a bakin laifi ba, ya ce manyan tushe ba sa gogewa daga zuciya, amma son rai da mugun sabo kan dusashe hukuncin da ake cirowa daga gare su. Dusashewa dai, ba mutuwa ba. Shaidar da nake da ita a kan haka ita ce yadda muke sauya wa abu suna. Yaƙin nan ya yayata kalmar shafshafa, wato wawashe kayan mutane, mai sauƙi a baki kamar sunan wasan yara. Masu bindiga na cewa ganima, su aro rigar jihadi su yafa wa kwasar kayan gwauruwa. Mai saye kuma yana cewa ya yi tsintuwa, ko ya samu araha. Da a ce mutane sun daina ganin laifin sata, da sai su ce sata kawai su wuce, kamar yadda ake cewa noma ko ɗinki. Ba a yi wa abin da ba a jin kunyarsa lulluɓi.

Haka hujjojin ɗan kawuna. Ba wanda ya taɓa jero dalilai biyar a kan buhun dawar da ya saya a kasuwar Gadarif. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Daga baya ya faɗa mini cewa da magariba ya shigo da firijin a keken jaki, an rufe shi da bargo, a garin da shi da bakinsa ya ce babu ɗan sanda. Wa yake ɓoye wa? Hadisin Nawwas ɗan Sam'an, wanda duk wanda ya yi Arba'una a makarantar allo ko Islamiyya ya haddace, ya ce zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a ƙirji, ka kuma ƙi mutane su gani. Ban san ma'anar da ta fi wannan dacewa da bargon nan ba.

Ita ma ƙanwar tamu, da ta ce kada a yanke wa kowa hukunci, a ranar da muka je ganin gidanmu ta tsaya a ɗakin da aka yashe tana Allah ya isa. Ba ta ce kowa da yadda yake kallon abu ba. Wannan ra'ayi yana da daɗin faɗa muddin kayan wani ne a faifai.

Amma zalunci ne a ɗora wa waya da Turawa duka laifin. Ruɗanin namu yana da uwa a gida. Wanda aka haifa a Sudan bayan 30 ga Yunin 1989, ranar da Umar al-Bashir ya karɓi mulki, ya tashi ne a ƙasar da hukuma ta mayar da tarbiyya aikin 'yan sanda. Sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991 ya tanadi bulala har 40 a kan shigar da aka ga ba ta dace ba, dokar Nizamul Am, ta kiyaye tarbiyyar jama'a, kuma ta ba jami'ai damar bin masu sayar da shayi a titi da shiga gidajen biki. A 2009 aka kama 'yar jarida Lubna Husaini saboda ta sa wando, labarin ya zaga duniya. A waɗannan shekarun ne aka ƙone ƙauyukan Darfur. Da aka tumɓuke Bashir a Afrilun 2019, kotu ta same shi da laifi a watan Disamba a kan tarin kuɗin ƙasashen waje da aka samu a gidansa. A Nuwamban 2019 aka soke Nizamul Am, a Yulin 2020 aka yi wa dokar laifuka gyare-gyare masu yawa. Abin da ake yi wa bulala bara, bana ya zama ba komai.

To wane darasi yaro zai ɗauka? Cewa laifi shi ne abin da mai sanda ya hana a yau, kuma girmansa daidai yake da ƙanƙantar mai aikata shi. In haka ne, ranar da mai sanda ya gudu, laifi ya bi shi. Da ɗan kawuna ya ce gari babu doka, kuskure ya yi ko a takarda: dokar 1991 ɗin nan ta hukunta karɓar kayan sata, yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta haramta wawashe dukiyar farar hula a yaƙi, babu wanda ya soke su. Bulala ce babu. Shekara 30 aka yi ana koya masa cewa doka da bulala abu ɗaya ne. Turai ma ta bi ta wannan hanya da ra'ayin cewa doka ita ce umarnin mai mulki kawai, sai da ta kai shari'ar Nurembag ta 1945 zuwa 1946, inda aka ƙi karɓar uzurin "umarni aka ba ni" daga manyan 'yan Nazi. Ba a iya ƙin wannan uzuri sai an yarda akwai wani abu sama da umarni.

Na san malamanmu za su ɗaga gira a nan, kuma suna da hujja. Mu mutanen Yammacin Afirka da muka zauna a gaɓar Nilu, tun daga ayarin da ya kafa Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 har waɗanda hanyar Hajji ta ajiye a gonakin auduga na Jazira, fiƙihun Malik muka gada da aƙidar Ash'ari. A mazhabar Ash'ari kuwa, kyakkyawa shi ne abin da shari'a ta kyautata, mummuna shi ne abin da ta munana. Mu'utazilawa ne suka ce hankali shi kaɗai yana gane kyau da muni, har ya wajabta. Saboda haka malami na jin an ce hankali na gane laifi ba tare da nassi ba, sai ya ji ƙanshin Mu'utazilanci, ko ma ya ji ana son a ajiye wahayi gefe. Tsoron ba na banza ba ne. A 1625, ana tsakiyar yaƙin shekara 30 na Turai, Hugo Girotiyus ɗan Holan ya rubuta cewa waɗannan ƙa'idoji za su tsaya ko da an ƙaddara babu Allah, ko da yake ya yi saurin cewa ƙaddara hakan babban saɓo ne. Waɗanda suka biyo bayansa suka riƙe rabin farko na maganar suka yar da na biyu.

Sai dai in aka bi saɓanin a hankali, ya fi yadda ake zato ƙanƙanta. Manyan Ash'arawa na baya sun fayyace cewa ba su musa hankali na gane ilimi kamala ne jahilci tawaya, ko adalci na gyara zama zalunci na ɓata shi. Inda suka tsaya shi ne lada da azaba: waɗannan sai da manzo, kamar yadda aya ta 15 ta Suratul Isra'i ta faɗa. Maturidawa sun ba hankali fili fiye da haka, Ibn Taimiyya kuma ya bi tsakiya, ya ce ayyuka suna da kyau da muni a karan kansu, hankali na iya gani, amma kamu sai bayan saƙo ya iso. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, Ba'ash'are ne na gaban goshi, shi ne kuma ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo karewa: addini, rai, hankali, zuriya, dukiya, ya ce ba zai yiwu a samu wata shari'a da ke nufin gyaran halitta ta rasa kare su ba. A ajiye wannan kusa da lissafin Akwinas a ga yadda suka yi kama. Alƙur'ani da kansa yana kiran alheri ma'arufi, abin da aka sani, yana kiran sharri munkari, abin da aka ƙi. Wa ya sani, wa ya ƙi, in ba fiɗirar da Suratur Rum ta ce an halicci mutane a kanta ba?

Misalin da ya fi zama mini a zuciya na Makka ne kafin aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wani ɗan kasuwa daga Zabid ta Yaman ya sayar wa As ɗan Wa'il kaya, shi kuwa ya hana shi kuɗinsa don ya ga baƙo ne mara dangi. Mutumin ya hau dutsen Abu Ƙubais ya yi kururuwa. Wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi rantsuwar tsaya wa duk wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa. Wannan ce Hilful Fudul. Masu bautar gumaka ne, babu aya ko ɗaya a hannunsu. Bayan Musulunci ya kafu, Annabi ya ce da za a kira shi zuwa irinta da ya amsa. Ranar hijira kuma ya bar Sayyidina Ali a baya ya mayar wa mutanen Makka ajiyarsu, mutanen garin da ke farautar ransa. Wannan kaɗai ya isa amsa ga "mu ma an kwashe namu". Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya kawo maganar nan da ta shahara, cewa mulki na iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Ma'anarta adalci yana da aikin da yake yi a duniya ko a hannun wa yake, kamar yadda ruwa ke kashe ƙishin mumini da kafiri.

Inda nake rabuwa da masu ɗaukar dokar halitta kamar maganin kowace cuta shi ne, manyan abubuwa take bayarwa, ba ta raba gado ba ta faɗin raka'o'in azahar. Ko a kan sata, ba kowane mai saye a kasuwar nan ne ɗaya ba. A Disambar 2023 aka fasa rumbun Hukumar Abinci ta Duniya a jihar Jazira, abincin ya watsu. Uwar da ta sayi mudun gari daga irin wannan kaya don 'ya'yanta sun kwana biyu ba su ci ba, ba zan haɗa ta da mai sayen talabijin ba. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa, kuma a Muwaɗɗa akwai labarin bayin Haɗib da suka sace taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka, Umar ya ce yana ganin ubangidansu ne ke barin su da yunwa, ya ci shi tarar ninkin kuɗinta, dirhami 800. Akwinas ma ya ce wanda yunwa za ta kashe in ya ɗauki abin da zai ceci ransa, ba sata ya yi ba a haƙiƙa, don rai yana gaba da dukiya. Gari yana shiga wannan babi. Ruwan sanyi, a ganina, bai shiga ba, tunda ga randa.

Akwai kuma haɗari mafi girma: mutum ya kira al'adarsa halitta. Aristotal ɗin da na yaba shi ne ya rubuta cewa wasu mutane bayi ne tun daga halitta, aka yi ƙarnoni ana jingina da shi. A ƙasar nan har gobe akwai mai kallon launin fatarka ya yanke maka matsayi yana ganin haka Allah ya tsara, mu ma kuma a gidajenmu akwai masu bin diddigin asalin bawa da ɗa in an zo neman aure. A Yulin 2022, da rikici ya tashi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu irin su Barta a jihar Nilu Shuɗi a kan ƙasa da sarautar gargajiya, aka kashe mutum sama da 100, aka sake a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Da muka fito tituna muna cewa zalunci, wace doka muka kama? Al'adar mallakar ƙasa ta ƙabila ba ta bayanmu, ita aka ɗauko ma aka ce mu baƙi ne. Abin da muka kama shi ne cewa ba a kashe mutum don yarensa, kuma muna sa ran Barta da Balarabe da Banube duk za su gane ba sai an fassara musu ba. To wannan igiyar da muka ja, mu ma ta ɗaure mu. Shagunan da aka ƙone a Kasala a zanga-zangar kwanakin nan suna da masu su. Mazauna kanabi, matsugunan leburorin gona na Jazira, da aka far wa a Janairun 2025 bayan dawowar soja bisa zargin goyon bayan Da'ama, jininsu bai fi namu araha ba. Laifi tudu ne. Hanyar da na sani ta bambance halitta da son kai ita ce ka juya hukuncin ya fuskance ka, ka ga ko za ka iya haɗiye shi.

Kada kuma a ce yaƙin nan muni kaɗai ya tono. A unguwannin Hartum da Umdurman da babu hukuma ko ta sisin kwabo, matasa suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, suka ɗora manyan tukwane na adas da balila don ciyar da jama'a kyauta, abin da muke kira takaya, ana turo musu kuɗi ta manhajar banki ta Bankak daga Riyad da Alƙahira. Ba wanda ya umarce su, wasunsu ma kama su aka yi, wasu suka rasa rayukansu. Rashin ɗan sandan da ya buɗe kasuwar sata shi ne ya bar tukwanen nan a wuta. Da tsoron bulala ne kaɗai ke riƙe mutum, da ba a ga ko ɗaya ba.

Bayan kamar mako uku, ɗan kawuna ya kira ni ɗakinsa ya buɗe akwatin da yake ajiye takardun gida. A ƙarƙashin takardar haihuwarsa ya zaro wata 'yar takarda mai tabon gam a kusurwa huɗu. Jadawalin darussa ne na ɗan aji huɗu, da rubutun yaro, an yi wa ranar Alhamis ado da jan biro, sunan makarantar yana sama. Ranar da ya kawo firijin ya ɓalle ta don ba ya son ganinta, ya kuma kasa jefa ta a shara, ta yi shekara a akwati.

Muka kai wa wata malamar firamare a unguwarmu. Ta gane makarantar, ta yi cigiya a zauren WhatsApp na malamai, aka ce iyalin yaron sun tafi Masar tun farkon shigowar Da'ama, aka samo wata lamba. Ya kira sau uku ba a ɗauka ba, ya tura saƙon murya da hoton takardar. Firijin yana nan a rumfa yana aiki, don maƙwabta biyu suna ajiye allurar ciwon sukari a ciki, ba a kashe shi. Kaka ta koma kiransa maigidanta tana tambayarsa kuɗin cefane, ruwa kuwa har yanzu na randa take sha.